Jan Biro da Agogon Baba

Asabar, 3 ga Mayu

Ƙungiyar marubuta ta karɓe ni. Mu bakwai ne a ɗakin bayan shagon littattafai, kowa da labarin da ya rubuta. Mai shago ta miƙo mini shayi ta ce, "Kujerar taga taki ce, ƙanwata." Shekara uku ina guga a shagon wanki, ba wanda ya taɓa ajiye mini kujera. Na dawo gida kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa.

Asabar, 10 ga Mayu

Ƙa'idarsu: in ka gama karantawa, jan biro ya zagaya, kowa ya soke jimla ɗaya. Malam Gilashi, tsohon malamin makaranta ne, ya ce duk labaran duniya biyu ne, mai neman ƙofar shiga da mai neman ƙofar fita. Ni dai na shiga, a bar ni.

Laraba, 14 ga Mayu

Tururin guga yana tashi, ni kuwa hankalina yana can ɗakin karatunmu, hasken la'asar a kan takardu. Saura kaɗan in ƙona rigar mutane.

Asabar, 24 ga Mayu

Na karanta labarin Baba, Allah ya ji ƙansa. Suka soke wurin da yake goge agogon bangon da ya tsaya tun ba a haife ni ba, wai kada agogon ya ji an manta da shi. Malam ya ce, "Son zuciya ne, 'yata, bai ƙara komai ba." Na yi dariya tare da su. Har godiya na yi. Ya yi mini zafi, amma da suka ce labarin zai shiga littafinmu, kalmar "mu" ɗin nan ta yi mini daɗi ba kaɗan ba.

Talata, 27 ga Mayu

Na karanta wa Yaya gyararren tana ninke kaya. Ta ce, "Ya yi kyau. Baban wa ke nan?" Ba zolaya take ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na yi mafarkin agogon yana tafiya, ba kowa a ɗakin.

Asabar, 31 ga Mayu

Ban je ba. Hadari ne ya haɗu, ba wani abu ba. Mai shago ta aiko saƙo, wai sun hana kowa zama a kujerata. Na karanta sau huɗu, ina kewarsu sosai.

Na mayar da jimlar agogon da suka soke, da fensir dai. Ƙarfe huɗu, lokacin da suke farawa, na dafa shayi na ɗauko kofi biyu. Na sake karanta wa Yaya. Ta tashi ta ɗauko tsumma ta nufi bangon da agogon Baba yake.

Ruwan ma bai sauko ba.