Ɗakin da Aka Kama wa Baba Toma a Legas

Legas, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Edith,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya Samaru, ya ƙarfin jiki?

Gwaggo, hankalina ba a kwance yake ba. Maman Chisom, maƙwabciyar Baba a Sabon Gari, ta kira ni ta ce ya faɗi a banɗaki ranar Talata. Tun safe yana ƙasa har azahar, sai da ta ji yana buga bokiti sannan aka ɓalle ƙofa. Duk kun sani, ba wanda ya gaya mini.

Tun rasuwar Mama na ɗaukar masa masu kula da shi har uku, duk ya kore su. To, na samo gidan kula da tsofaffi a nan bayan gari, kusa da teku. Akwai nas dare da rana, likita na zuwa duk mako. Naira dubu ɗari huɗu ne a wata, ban da magani. Da nauyi, amma ni da Yaya Martins za mu raba. Ɗaki ɗaya ya rage, sun ba ni zuwa ƙarshen wata.

Ke ce ƙanwarsa, ke kaɗai yake saurara. Don Allah ki shawo mini kansa.

Ni ce 'yarki,
Lovelyn

Samaru, 7 ga Oktoba

'Yata Lovelyn,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Kin san tsohuwar malamar makaranta, ban iya gajeren saƙon waya ba, shi ya sa na rubuta a takarda aka ɗauki hoto. Ki yafe mana ɓoye miki da muka yi, shi ya hana.

Jiya na hau keke mai ƙafa uku na je wurinsa. Na karanta masa wasiƙarki tsaf. Da na gama ya ce, "Edith, ni kifi ne da za a kai ni bakin teku? A can wa zan yi wa ina kwana ya amsa mini da Hausa?"

Niyyarki mai kyau ce, 'yata, kuma ban ce kin yi laifi ba. Amma nan ma ba a rasa taimako ba. Asibitin Shika na kusa. Kwamitin jinƙai na coci sun sa masa ƙarfen dafawa a banɗaki. Zumuntar mata kuma sun yarda su riƙa zuwa bi da bi. Matsalar shi ne. Mata shida suka je masa da tuwo da kunu, ya tare su a bakin ƙofa da sandarsa, ya ce, "Gaisuwar mutuwa kuka zo? Kun yi sammako, mamacin bai shirya ba."

Ki fahimci mahaifinki. Shekara arba'in yana shugabantar mawaƙan coci, shi ke zuwa dubiya, shi ke gyara wa mutane. Bai taɓa koyon zama a zo a tausaya masa ba. Ki ba ni mako biyu kafin ki biya.

Gwaggonki mai ƙaunarki,
Edith

Legas, 16 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kwana tara ke nan, shiru. Na kira Baba ya ce yana da aiki, ya kashe waya. Wane aiki? Masu gidan sun kira ni sau biyu, akwai wani da ke neman ɗakin. A ofis duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in ɗauka da sauri, ina zaton labarin Baba ne. Ƙarfen banɗaki ba ya ɗaga mutum in ya faɗi, Gwaggo. Gara ya yi fushi da ni yana raye. In ban ji wani abu ba zuwa Juma'a, zan biya, Yaya Martins ya zo ya ɗauko shi.

Ki yi haƙuri da zafin maganata.

Lovelyn

Samaru, 19 ga Oktoba

'Yata Lovelyn,

Salamar Ubangiji a gare ki. Ban ji haushi ba, tsoro ne ya yi magana a bakinki. Ga dalilin shiruna.

Da matan suka koma karo na biyu ya sake hana su shiga, sai Happiness, shugabarsu, ta ce to a yi masa waƙa ɗaya daga waje a tafi. Ba su kai baiti na biyu ba ya banko ƙofa. "Wa ya koya muku wannan ɓarnar? Masu ƙaramar murya sun bi ta Jushi, masu babba sun nufi Basawa! Ku shigo!" Awa biyu ya riƙe su. Da suka tashi tafiya ya ga kwanon tuwo a kan tebur, Happiness ta ce, "Baba, ai ba a zuwa wurin malami hannu rabbana." Ya cinye tas.

Ni kuwa sai dabara ta zo mini. Na raba su kashi-kashi, kowane kashi da ranarsa, safe da yamma. Na ce wa Happiness duk ranar da waƙa ta yi daidai, su ɗan karkatar da ita, kada darasi ya ƙare. Mai kaɗa musu tulu ma na ce ta riƙa makara a kiɗa. Aikin da ya ce miki yana da shi ke nan.

Amma ba zan sake ɓoye miki komai ba. Shekaranjiya ya sake faɗuwa, yana miƙewa zai nuna musu inda ake ɗaga murya. Suna wurin, suka kai shi Shika nan take. Ba karaya, sai dai likita ya ce kada ya ƙara kwana shi kaɗai. Na ce zan kulle gidana na Samaru in koma ɗakin marigayiya mahaifiyarki. Ya ce sai ya yi tunani. Kwana biyu ke nan ina jiran amsa, na kasa zama wuri ɗaya. In ya ƙi, ni da kaina zan haɗa masa kaya.

Taki har kullum,
Gwaggo Edith

Sabon Gari, 21 ga Oktoba

Lovelyn,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun. Maman Chisom ce za ta turo miki.

Kada ki biya kuɗin nan. Gwaggonki ta zo ta zauna, na yarda, in dai ba za ta taɓa mini rediyo ba. Ranar da na ga abin ya fi ƙarfinmu ni da ita, ni zan rubuto miki da kaina ki nemi ɗaki. Na yi alkawari.

Happiness tun tana 'yar shekara tara nake koya mata waƙa, ba ta taɓa kuskuren murya ba. Da gangan take yi, na sani tun rana ta uku. Kada ki gaya musu. Gobe da ƙarfe tara suna da darasi.

Ubangiji ya tsare ki.

Mahaifinki,
Toma