Abin da Ya Faɗo a Sahu

Bungudu, daren Laraba, 12 ga Maris

Ƙaramar bindigar da na saya jiya don tsoron ɓarayin daji ta kunyata ni. Mai sayarwa ya rantse ba mai gane tana aljihu. Ƙarya ne! Ina sujada a sallar Magariba ta sulluɓo daga aljihun babbar rigata, ta faɗi kan tabarma.

Alhaji Garba, abokin sahuna na shekara talatin, ya rufe ta da gefen rigarsa. Bayan sallama ya ce, "Malam, har da kai?"

Har da ni mana! Ni kaɗai nake kwana, yatsan nan ma da ƙyar yake jan kunamarta. Da aka ɓalle ƙofata bara, wa ya leƙo?

Da Isha'i Alhaji Garba ya koma sahun baya.