Na Kalle Su Dominki, Furera

Zuwa ga sanyin randata a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyar da nake fakewa, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasa, zumar farar saƙa wadda tsufa bai rage mata zaƙi ba, Hajiyata Furera.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jiki, ya idon? Ya Nafisa da maigidanta da yaran? Allah ya ƙara sauƙi, ya maido miki da ganinki garau fiye da na da. Ke kuma Jummai, maƙwabciyar kirki, da za ki kai wannan takarda ki karanta mata tunda likita ya hana ta ƙura wa komai ido, don girman zaman tare kar ki tsallake layi, kar ki gyara mini magana. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace ki miƙe shi da baki.

Tun da aka cire miki yanar ido aka wuce da ke gidan ɗiyarmu Nafisa a Ƙofar Marusa, gidan nan na Ƙofar Ƙwaya ya zama kango mai ƙyaure. Kajinki kallona suke yi kamar ni na kore ki. Sai ga labari ya iso ni, wai Nafisa na cewa ki zauna can gaba ɗaya, tunda akwai sola, akwai talabijin mai faɗin tabarma, in ido ya warke ki sha fina-finanki na Indiya na ban dariya ba mai yi miki tsaki a ka. Wai ke kuma ba ki ce a'a ba. Mai tsakin ni ne, na sani, kuma ko ɗaya ban janye ba. Amma Furera, hasken ɗakina, a kan fim za a raba kurciya da reshenta?

Kin tuna zauren gidanku, lokacin ina yagar tikiti a ƙofar silima? Ɗiyar mutunci ba ta taka wurin a wancan zamani, don haka ni nake ɗauko miki fim ɗin a kaina in kawo zance. Ni ne jarumi, ni ne bos, ni ne uwar da ke kuka, ni ne dokin. Ran da nake nuna miki yadda ɗan barkwanci ya zame, ban ga tulun babanki a bayana ba, na tafi da shi ƙasa, ruwa ya malale har ƙofa. Kika yi dariya har mayafinki ya sauka kafaɗa, gwaggonki ta yi gyaran murya daga cikin gida. Wayyo wannan dariya! Kamar ruwa na sauka a kwanon rufi bayan dogon fari. Tun ranar nake yi mata bauta, ban kuma nemi a 'yanta ni ba.

To, ga abin da na yi. Ni da na ce idona ba zai taɓa sauka kan waɗannan sababbin fina-finan ba, na ɗauki wayata na je shagon mai tura fina-finai na bakin titi, na ce ya zuba mini duk waɗanda Hajiya ke aikowa a tura mata. Ya dube ni, ya sake dubana, ya tambaya ko lafiya. Na ce ya yi aikinsa. An hana idonki kallo, sai nawa ya karɓi aikin. Na kalle su dominki, ga kuma hukuncina, ba sani ba sabo.

Na fara da zaɓen 'yan wasa. Furera, wane irin cunkoso ne wannan? A tara jarumai fiye da goma a gidan biki ɗaya, kowa na ihu don a san ya zo, kamar awaki a motar kasuwar ƙauye. Ga wani tsohon jarumi da na san shi tun gashinsa na gaske ne, ya shafe kai da baƙin rini, an ba shi yarinya sa'ar jikarsa yana zagaya bishiya da ita, gwiwa na ƙara! Ni da ke mun tsufa tare, fuska da fuska, furfura da furfura, me ya fi wannan kyau? Da sun ba shi tsohuwa mai baki irin naki, da fim ya yi armashi. Waɗanda suka burge ni su ne na gefe: masu tumbi, masu sanƙo, masu fuskar mutanen da kike gani a layin masu kayan miya. Waɗannan ko ba su buɗe baki ba, girarsu ta gama magana.

Rubutun labari kuwa, nan na fi yin tsaki. Kashi na biyu, kashi na uku, kashi na huɗu, ɗumamen tuwo ana ta ƙara masa ruwa. A mari wannan, wancan ya faɗa kwata, a tsokani mai ƙiba, a kwaikwayi mai in'ina, wai an yi barkwanci. Wani zancen ma batsa ce tsagwaronta, ba zan kawo miki ita ba, zan tsallake kamar yadda nake tsallake kwatar ƙofar gida. A zamaninmu sai an sa ka kuka ka ƙoshi, sannan a turo mai ban dariya ya share maka hawaye, kamar kurɓin ruwa bayan yaji. Yanzu dariya ake ɗura wa mutum tun daga farko har ƙarshe, ba gishiri ba ɗaci. Sai wata sabuwar al'ada, a haɗa fatalwa da raha. Na ce wannan rainin hankali ne. Amma da wani matsoraci ya shiga kangon gida yana yi wa fatalwar sallama cikin ladabi yana ba ta haƙuri, shayina ya bi ta hanci. Ba fim ɗin ne ya yi kyau ba, matsoracin ne ya iya aikinsa. A rubuta haka.

Masu fassara zuwa Hausa kuma, ban yafe musu ba tukuna. Ba'indiye da rawaninsa ya buɗe baki yana neman fura da nono! Na yarda bakinsu na da sauri. Amma ko sun san inda za su dakata su bar ki ki gama dariya kafin su ci gaba? Ko sun san in abin tausayi ya zo kina kama gefen zanenki? Wannan karatu ni kaɗai na yi shi, a makarantar fuskarki, ya tauraruwar da ke riga sauran fitowa.

Guda ɗaya ne a cikinsu na cire wa hula. Ba shi da manyan sunaye, ba jirgin sama, ba ƙasar waje. Wani tsohon tela ne a ƙaramin gari, mai taurin kai, ya ɗinka wa ango rigar biki, sai bayan an tafi da ita ya gane da awon wani ya yanka. Maimakon ya faɗi gaskiya, ya ɗauki allura da almakashi ya bi tawagar biki cikin jirgin ƙasa, yana neman ya sace rigar ya gyara kafin a sa. Kowace ƙarya ya yi sai ta haifi 'yan biyu. Mai wasan bai yi tsalle ba, bai karkata baki ba, tsoro kawai yake ɓoyewa da girman kai, ni kuwa ina riƙe ciki. Matarsa tana biye da shi da kwanon abinci, ta san komai, ba ta tona ba. Kar ki ce komai, Furera. Na ji abin da za ki ce tun daga nan.

Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida, na juya in ga ko ke ma kin yi, sai tabarma. Dariyar da ba ki ji ba, ina amfaninta? Wa zan yi wa tsaki ya rama? Wa zai ce mini tsoho mai gardama, ya kuma miƙo mini goro da hannu ɗaya?

Ran Juma'a bayan la'asar ina nan tafe da farar rigata. Ki ce wa Nafisa ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta kwashe duk abin da zai fashe. Ki rufe idonki yadda likita ya ce, ni zan zama jaruman nan fiye da goma, da fatalwar, da matsoracin, da telan da jirginsa, kyauta, ba tikiti.

Amma ki sani, labarin telan zai tsaya miki a tsakiya. Daidai inda jirgi ya tsaya, ango ya sa hannu zai buɗe akwatin rigar, nan na kashe wayar na tura ta ƙarƙashin matashinki. Ni da ban taɓa barin fim ban ga ƙarshensa ba tun ina saurayi, ga ni ina kwana ina tashi ban san ko asirin tsohon nan ya tonu ba, abin yana cina kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya. Ba zan duba ba. Ba kuma a talabijin ɗin Nafisa za a gani ba. Sai ranar da idonki ya washe, kika dawo ɗakinki, muka haɗa kai a kan 'yar wayar nan, ke kina dariya ni ina gardama. Ki ji tausayin tela, Furera, ki ji tausayina, ki dawo gida.

Naki tun ƙuruciya, naki a furfura, wanda ba zai sauya ra'ayi a kan fim ba balle a kanki, har ranar da za a naɗe tabarmarsa,

Babaji