Ramin Bappa Cindo

Tungar Wakili, 4 ga Maris, 1974

Zuwa ga matata Rahamatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu Zulaihatu. Yaya wankan jego? Ki gaishe mini da Inna da duk mutanen gidanku na Yelwa.

Rahamatu, ina cikin damuwa. Aikin turakun ƙarfen nan da nake wa tafinta, waɗanda za su ɗauki wuta daga Kainji zuwa Birnin Kebbi har ta tsallaka zuwa ƙasar Nijar, ya iso garinmu. An haƙa ramuka goma sha ɗaya cikin gonaki. Jiya da hantsi Bappa Cindo ya ɗauko tabarma da buta ya sauka cikin na farko ya zauna. Ya ce shekara shida ke nan da ruwan dam ya cinye tsibirinmu da gonakin albasa da kabarin mahaifina, ga shi kuma waya za ta bi ta kanmu ta haska wata ƙasa, mu muna hura aci-bal-bal. Kafin azahar magidanta talatin sun cika sauran ramukan.

Babban injiniya ya ce in faɗa musu da harshenmu na Gunganci cewa baɗi za a ba su wuta. Na ga takardun aikin da idona, babu sunan garinmu ciki. Wutar wagga waya ba ta sauka gari sai an gina mata tasha. Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Mutumin da ya rene ni yana cikin rami, wanda ke ba ni albashi yana bakin ramin. Ki sa Inna ta yi mini addu'a.

Naki,
Sahabi

Tungar Wakili, 8 ga Maris, 1974

Rahamatu,

Ina gaishe ki, ina fatan ku duka kuna lafiya. Kada ki firgita da abin da za ki ji a kasuwa, ba a kashe kowa ba.

Jiya Alhamis 'yan sanda suka zo mota biyu, tare da baƙi daga Nijar masu duba aikin. Injiniya ya tsai da ni bakin ramin Bappa, ya ce in yi magana. Na ce wa jama'a: "Ya ce a gaya muku baɗi za ku sami wuta. Ni kuma na duba, ba a rubuta ba." Sai na juya na maimaita da Hausa, don kada a ce na yi a ɓoye.

Wuri ya yamutse. Masunta suka ɗaga masunsu na sukar kifi, 'yan sanda suka gyara bindigogi, mata suna ta salati. Na ga wani kurtu yana auna ƙanenki Dudu.

Cikin baƙin akwai wani injiniya, Malam Maliki, mutumin wajen Dogondutsi. Sai ya tuɓe takalmi ya sauka ramin, ya durƙusa ya gai da Bappa kamar ubansa. Ya ce shi ma wayar za ta ratsa kusa da ƙauyensu, kuma nasu sunan ma babu a takarda, tsohuwarsa da fitilar kananzir take kwana. Ya ɗaga kai ya ce wa babban ɗan sanda, in aka zubar da jini kan ramin nan, shi ba zai sa hannu a ci gaba da aiki ba, sai dai a aiko wani. Ya ƙi fitowa. Sun fi awa biyu a haka cikin rana kafin aka ce 'yan sanda su koma mota.

An sallame ni daga aiki nan take. Ki yi haƙuri, na san da wannan albashin muka dogara.

Naki,
Sahabi

Tungar Wakili, 19 ga Maris, 1974

Rahamatu, abar ƙaunata,

Ina gaisuwa, Allah ya sa Zulaihatu ta daina kukan cikin. Takardarki ta iso, na karanta inda kika ce ba ki ji kunyata ba har sau uku.

An zauna da wakilan ƙasashen biyu da dattawanmu. An rubuta cewa za a nemi a gina ƙaramar tasha ɗaya a ɓangarenmu, ɗaya a nasu, a ja siraran wayoyi zuwa garuruwan da layin ya ratsa. Ba a sa rana ba, kuma ban ɓoye wa kowa haka ba. Mu za mu haƙa ramukan namu turakun, guda arba'in. Malam Maliki ya bar mana kwafin takardar da sa hannunsa, yana wurin liman.

Bappa ya fito ran kwana na tara. Ƙafafunsa sun kumbura, a goye na kai shi gida. Ba a mai da ni aiki ba, na gyara jirgin ruwan mahaifina, zan koma kamun kifi.

Yau da safe na iske shi bakin ɗakin shan magani da dagi a hannu, yana haƙa ramin turkenmu na farko, yana haki. Na ce ya bari ya warke. Ya ce har yanzu bai yarda da su ba, kuma mai yiwuwa ba zai ga wutar ba, amma wanga rami namu ne, ba wanda zai riga shi. Na karɓi dagin na ƙarasa, yana tsaye yana gyara mini.

Saura talatin da tara. Ranar da kika yi arba'in zan zo da jirgi in ɗauke ku.

Mijinki,
Sahabi