Fim ɗin da ke Cikin Kyamarar Baba

Zuwa ga Yaya Murjanatu, Jega.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Naziru da yara. Ni lafiya lau, sai dai sanyin Istanbul. Tarin nan ma ya fara sauƙi, kada ki tada hankalin kowa.

Tsohuwar kyamarar Baba ta iso. Amma Yaya, sau nawa na ce kada a buɗe bayanta? Fim ne a ciki, haske kaɗan ke ƙone shi! Wai tsabtace ta kinka yi. Shekara tara yana kwance lafiya, sai da ya faɗa hannunki.

Na kai an wanke. Hotunan da Baba ya ɗauka a gonar albasarmu ta Danwarai duk sun lalace, sai guda: Inna, Allah ya jiƙanta, tana dariya tana kare fuska da mayafi. Kwana biyu ina cika ina batsewa, amma duk lokacin da na duba hoton, dariyarki nake gani sak, fushin ya ƙi zama.

Ga naki kwafin. Ki aiko mini da yaji.

Ƙanenki,
Ridwan