Bayan da Ya Ƙi Sunkuyawa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabin da kika koya mini, da fatan makwancinki na nan da sanyi. Na rubuto ne don in ba ki labarin abin da na gani a jikina, wanda har yau ban gama mamakinsa ba.

Kin san ciwon bayan nan da muka yi tarayya a kansa. Ya fara tun ina bin ki da itace a kafaɗa daga dajin Kazage, lokacin da dajin ke shiguwa. Bana ya kai ni inda ko tsintsiya ce ta faɗi sai in tsaya ina kallonta. Ga jikarki Hajara ciki ya tsufa, kuma wankan jego a kaina yake. Tsorona jariri ya zo a ce sai wata ta wanke shi, ni ina zaune kamar baƙuwa.

Duk abin da aka yi miki an yi mini. An kafa ƙaho, an yi sakiya, na kwanta rub da ciki maƙwabciya ta tattake ni. Ina tuna ki kina cewa, “Idan magani bai sa ki kuka ba, bai shiga ba.”

Sai mijin Hajara ya kai ni Kaduna wurin wata likitar gashin ƙashi. Ta kwantar da ni rigingine, ta ɗaga ƙafata har inda jijiya ta ja, ta ce in danna ƙafar a kafaɗarta. Kin dai san 'yarki. Na cije baki, na tattaro ƙarfin da nake dakan dawa da shi, na danna. Saura kaɗan baiwar Allah ta kife! Ta miƙe tana dariya, ta ce, “Mama, ba kokawa muka zo yi ba. Ɗan ƙarfin da za ki tura ƙofar kara ya isa.”

A raina na ce wannan ai wasan yara ne. Amma na danna a hankali, ta tare, na ɗan riƙe, ta ce in saki in sauke numfashi. Inna, sai ga ƙafar ta wuce inda ta tsaya ɗazu, ba tare da an tilasta mata ba. Ta ce naman jiki in ya ɗan yi aiki ya huta, sai ya saki, ya yarda a miƙar da shi.

Ba wuta, ba aska, ba jini. Ikon Allah! Ashe Ya ajiye sauƙin a jikinmu, mu kuwa muna ta ƙona shi. Na tuna tabon sakiya jere a bayanki, hawaye suka zubo mini a gadon asibitin.

Na yi ta komawa, ta kuma koya mini wanda zan riƙa yi a gida. Ba zan yi miki ƙarya ba, ciwon bai tafi duka ba.

Hajara ta sauka lafiya, mace aka samu. Sunanki aka raɗa mata, don haka bakina ba ya iya faɗa, Inna nake ce mata. Yau da safe na sunkuya a kan baho, na wanke ta tas har bayan kunne, na miƙe da ita a hannu ba wanda ya kama ni.

Allah Ya jiƙan ki, Ya hutar da bayan da ya goya mu, Ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.

Taki har kullum,
Ladi