Turancin Ƙauyensu Ake Wa Tafi

Alƙahira, 9 ga Maris, 2013

Yaya Luba,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau. Bayan karatu ina raba shayi a wani kulob a unguwar Dokki. Tsayuwar ce dai, amma ma'alish, ba komai, in ji mutanen nan.

Abin da ke cina daban ne. Duk wata wasu Turawan arewacin Ingila kan taru a nan, ƙungiya gare su ta raya Turancin ƙauyensu. Jiya wata tsohuwa ta miƙe ta yi magana irin ta kakarta, sai tafi ya ɓarke. Har littafin kalmominsu suka buga! Ina tsaye riƙe da tire, kishi kamar ya kashe ni. Ni da na ce "awo" maimakon "e" sau ɗaya a unguwarmu ta ɗalibai, Hayyin Ashir, 'yan Kano suka yi wata guda suna kwaikwayona, har na haɗiye Sakkwatancina.

Don Allah ki naɗo min muryar Inna a waya, ko faɗa take yi, ki ba abokina Habu ya kawo min idan zai dawo karatu nan. Allah ya ƙara mata lafiya.

Dubi wasiƙar nan ma, Yaya. Da Kananci na rubuto miki.

Ƙaninki,
Sagiru